Ajin da Aka Daina Ji Daga Gona

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Laraba ce a watan Yuli, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe. A cikin ajina aka zauna, wato aji ɗaya. Akwai hedimastanmu, Malam Ubale. Akwai Baba Nomau, sarkin noman yankin, dattijo a cocin unguwar yamma, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin kula da makaranta. Akwai mataimakinsa a kwamitin, Malam Isiyaku, na'ibin limamin unguwar gabas. Sai wasu iyaye maza da mata da suka tsaya a bakin ƙofa, sai ni da yarana. Magana ɗaya ce ta tara mu: ko a bar ni da ajin da irin koyarwar da na kawo, ko a ɗauke ni a ba wani.

Sai na bayyana yadda makarantar take kafin a gane yadda aka kai ga haka. Tana wani ƙauye ne arewa da Minjibir, inda gona take manne da gona, kowane gida kuma yana tsakiyar gonarsa. Ba mu da katanga. Inda kunyar ƙarshe ta gonar maƙwabci ta tsaya, nan filin makaranta ya fara. Aji ɗaya shi ne a ƙarshen ginin, tagarsa tana kallon gonar Baba Nomau. Da damina, in gero ya yi tsawo, ganyensa har gogar bangonmu yake.

Yadda muka tarar ana koyar da karatu, kuma yadda aka koya mana mu ma, shi ne amshi. Malami ya tsaya gaban allo da sanda, ya ce, "A, ayaba," aji ya amsa da ƙarfi. Ya ce, "B, biri," aji ya amsa. Haka har ƙarshen haruffa, sannan a koma farko. Malamin da ajinsa ya fi tashin murya shi ake yaba wa da himma. Ba a rasa yaran da suke fita da karatu ta wannan hanya, amma da yawa sukan kai aji uku suna rera littafi daga bango zuwa bango, in ka rubuta musu kalma guda a wata takarda daban sai su tsaya suna kallonka.

A hutun ƙarshen zangon farko na wannan shekarar aka tura ni bita a hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin da aka nuna mana ba shi da wuyar faɗi. Ba sunan harafi ake fara ba yaro ba, sautinsa ake ba shi. Ana farawa da 'yan kaɗan, kamar a, m, n, k. Yaro ya ji sautin, ya furta, ya zana harafin da yatsa a yashi. Sai ya haɗa biyu su zama gaɓa: ma, na, ka. Daga gaɓa sai kalma: mama, kaka, nama. In waɗannan sun zauna a ƙara wasu. A gefe guda kuma akwai ƙananan kalmomin da ba a yin layi biyu ba a ci karo da su ba, irin su da, ne, ce, ya, ta, yana, wannan. Su ana rubuta su a kwali a rataye, ana nuna su kullum, har yaro ya riƙa gane su da kallo ɗaya kamar fuskar ɗan gidansu.

Wannan aiki ba ya yiwuwa cikin hayaniya. Dole malama ta ji bakin kowane yaro shi kaɗai, don a cikin amshi ne wanda bai iya ba yake ɓuya. Sai na raba ajin rukuni-rukuni a kan tabarmi. Na tara marafan kwalba daga masu shaguna, na rubuta harafi a cikin kowane, yara suna jera su suna haɗa kalma, ni kuma ina zagayawa ina durƙusawa ina saurare. Wanda ya wuce ta bayan ajin ba abin da zai ji sai ƙus-ƙus.

Mun fara a watan Janairu. Rani ne, gonaki fayau, maza da yawa sun tafi cin rani Kano, saboda haka babu wanda ya lura. Ni kaina ban kawo komai a raina ba. Sai da ruwa ya sauka, aka yi shuka, mutane suka dawo gonakinsu da ke kewaye da mu, sannan maganar ta tashi.

Wata Litinin bayan an tashi, Malam Ubale ya kira ni ofis. Ya ce kwamiti ya kawo ƙorafi cewa aji ɗaya ya mutu. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kwamitin kula da makaranta ba ya korar malami, amma yana kai kuka wurin hedimasta, hedimasta kuma yana da ikon sauya wa malami aji ba tare da ya jira kowa ba.

Ya ce, "Malama, ni ban ce ba kya aiki ba. Ni na sa hannu kika tafi bitar nan. Amma makarantar nan da yardar masu gonakin nan take tsaye. Baba Nomau ya ce zai cire jikokinsa su riƙa taya shi aiki, tunda zaman banza suke zuwa yi. In ya cire, rabin ajinki ya bi shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ka yanke?"

"Zan mayar da ke aji huɗu. Aji ɗaya a ba mai murya."

Na san cewa in aka yi haka, yaran za su koma amshi a daidai lokacin da haɗa gaɓa ya fara zama musu jiki, kuma babu malamin da zai sake gwada wannan hanya a makarantar. Sai na roƙi abu ɗaya: kafin ya sa hannu, kwamitin ya zauna a cikin ajina, ba a ofis ba, kuma lokacin da yara suke nan. Ya ce to, amma kada in ɗauka yana bayana, shi ma bai gamsu da marafan kwalbar ba.

Ranar Laraba Baba Nomau daga gona ya shigo. Ya jingine fartanyarsa a bakin ƙofa, ya karkaɗe ƙafa, muka ba shi kujerata. Bayan gaisuwa shi ya fara.

"Malama, ba da faɗa muka zo ba. Gonata ga ta nan, ta taga ma kina ganinta. Tun da aka aza rufin ajin nan nake noma ina jin karatu. Bana na yi shuka, shiru. Na yi noman farko, shiru. Na ce ko yajin aiki ake yi ban ji ba. Na leƙo, sai na ga yara zube a ƙasa suna wasa da marafan lemo."

Malam Isiyaku ya ce, "Faɗa mata gaskiya, Sarkin Noma. Da karatun kake gane lokacin shan fura. Bana yunwa ce ta ishe ka."

Su biyun tare suka tashi, gonakinsu suna iyaka, kuma ba su iya zama wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. Baba Nomau bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Karatun da na sani ga shi." Ya gyara murya ya fara: "A, ayaba. B, biri. C, cokali. D, doki." Da karin da komai, har inda malami yake buga sanda a allo yana buga gwiwarsa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba har ya kai ƙarshe. Yarana suka tafa masa.

Malam Isiyaku ya ce, "Masha Allah. To ga allo can akwai rubutu. Karanta mana layi ɗaya."

"Ni na ce maka na yi makaranta?"

"Ai kai ka fi kowa daɗewa a ajin nan. Ta taga dai."

Matan da ke bakin ƙofa suka yi dariya. Hedimasta ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ni dai ba kunyata dattijo na zo yi ba. Da aka ba ni dama na ce, "Baba, duk bayanin da zan yi, bakina ne kawai. Yaran ga su. Ka gwada su yadda ranka zai kwanta."

Ya ce, "Nan ne matsalar, 'yata. Ni ban san baƙi ba. In yarinya ta kalli allo ta faɗi magana, ta ina zan san abin da ke jikin allon ke nan?" Sannan ya ce in baƙo ya kawo masa iri a kasuwar Ɗambatta ba ya sauraron yabon mai sayarwa, ɗan kaɗan yake ɗiba ya shuka a bayan ɗaki ya ga abin da zai fito. "Haka za mu yi. Ke da yaranki ku fita. Ni zan faɗi magana daga bakina, hedimasta ya rubuta. Ni zan zaɓi yaron da zai karanta. Ke kuma in kun dawo ki tsaya can baya, ki juya wa allo baya, kada ki ba kowa ido."

Babu wanda zai zargi Malam Ubale da taimaka mini, kowa ya san ra'ayinsa. Na amince.

Muka fita gindin darbejiya. A nan na yi lissafin abin da zan iya rasawa. Sautuka irin su ɗ da ts da gy ba mu daɗe da shigarsu ba. Akwai yaran da har lokacin a gaɓa suke. Kuma ban san wanda zai nuna ba. Wata yarinya ta ja mini mayafi ta ce, "Malama, jarrabawa ce?" Na ce, "A'a. Baba ne ya daɗe bai ji muryarku ba. Ku sa yatsa a ƙarƙashin harafi, kada ku yi sauri, kada ku canka."

Aka kira mu. Na wuce baya na fuskanci bango. Daga nan duk abin da ya faru da kunne na bi shi, kamar yadda Baba Nomau yake bin ajina daga gona. Na ji yara suna cewa, "Ni, Baba, ni." Na ji ya ce, "Masu ɗaga hannu ku sauke. Kai na lungu, mai baƙar riga, taso." Na san wanda yake nufi. Habu ne, jikan Malam Isiyaku, yaro mai sanyin magana, wanda ya sha rasa makaranta saboda yankan ciyawar dabbobi.

Na ji takunsa zuwa allo. Sannan a hankali: "A. Ku. Aku. Yar. Akuyar." Ya ja numfashi. "Ma. Lam. Malam." Kalma ta gaba bai haɗa ta ba, da kallo ya ɗauke ta, don tana cikin waɗanda muka rataye a kwali: "Ta." Sai "ci." Daga nan ya tsaya. Ya fara, ya fasa. Wani daga bakin ƙofa ya so ya yi magana, hedimasta ya ce a bar shi. Na ji yaron yana gwada sautin a bakinsa ƙasa-ƙasa yadda muke yi a tabarma. "Gya. Ɗar. Gyaɗar." Sauran ya zo masa da sauƙi. Ya koma farko ya karanta gaba ɗaya: "Akuyar Malam ta ci gyaɗar Sarkin Noma."

Sai muryar Habu ta tashi, irin tashin da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Wallahi ba tamu ba ce. Tamu a ɗaure take tun da aka yi shuka."

Dariyar da aka yi har aji biyu suka leƙo. Malam Isiyaku ya ce, "Ka ji shaida. Kai ka zaɓe shi da hannunka." Baba Nomau ya ce, "Jikanka ne, me zai ce?" Ni kuwa ina kallon bango ina murmushi, don abin da na ji ya fi haɗa sauti. Yaron ya gane abin da ya karanta har ya musa.

Malam Isiyaku ya ce ba za a tashi ba sai shi ma ya rama. Aka sake fitar da mu, aka sake kiranmu. Shi ya nuna Talatu, jikar Baba Nomau. Ita ta fi Habu sauri. "Kaka yana barci a gindin kuka," sai ta tsaya, na ji tana danne dariya. Kakanta ya ce, "Ƙarasa mana." Ta ce, "Ciyawa ta rufe gero. Kaka, ba ni na faɗa ba, allo ne."

Bayan haka iyayen da ke bakin ƙofa kowa yana son a rubuta tasa. Ba duka aka ci ba, kuma ba zan ce an ci ba. Wata yarinya ta karanta kalma biyu ta fashe da kuka saboda idon mutane. Wani yaro ya fitar da kowace gaɓa daidai amma ya kasa ɗinke su su zama kalma. Da hedimasta ya tambaye ni, na ce haka ne, akwai irinsu, na san su ɗaya bayan ɗaya, na kuma san sautin da kowannensu ya tsaya a kai. Mafi yawan waɗanda aka nuna dai sun karanta, wasu da gudu, wasu da rarrafe.

Na ɗauka an gama, sai Baba Nomau ya ce da saura. "Akuya, gero, barci, duk maganar gari ce. Yaro mai wayo in ya kama kai zai iya cankar jela. Ina son abin da ba su taɓa ji ba." Muka fita karo na ƙarshe. Daga baya hedimasta ya gaya mini abin da ya faru a ciki. Baba Nomau ya ce akwai suna guda da babu yaron da ya taɓa jin sa a garin, amma shi ba zai iya furtawa ba. A gidansu ba a kiran sunan mahaifi, ko yana raye ko ya rasu. Tsoho kawai ake cewa. Sai ya dubi Malam Isiyaku ya ce, "Kai ka sani. Faɗa masa a kunne."

Da muka dawo Talatu Baba Nomau ya kira. Wannan karon ba ta yi sauri ba. "Ja. Tau. Jatau. Bar. Mo. Barmo. Jatau Barmo." Sannan ta ce, "Malama, wannan ban san shi ba. Mene ne?"

Na juyo ba tare da an ba ni izini ba. Baba Nomau ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa, yana kallon allo. Ya ce wa yarinyar, "Mahaifina ne. Kakan babanki." Ya juya ga Malam Isiyaku ya ce, "Tun ranar da muka binne shi ban ji an kira shi da ƙarfi ba." Malam Isiyaku bai yi tsokana ba, ya ce, "Mutumin kirki ne. Ya sha ba ni gyaɗa a gonar nan."

Dattijon ya tashi ya je gaban allo, ya ce wa Talatu ta nuna masa inda sunan ya fara da inda ya ƙare. Ta kama yatsansa ta bi da shi a ƙarƙashin haruffan. Ya ce wa hedimasta kada a goge sai an tashi. Sannan ya mayar da hula ya ce, "Malam Ubale, a bar Malama da ajinta. Marafan ma in sun ƙare a gaya mini, ɗana yana da shago a Gezawa."

Hedimasta ya ce, "An bar ta." Ya zo har inda nake ya ce a gaban kowa, "Malama, na ga abin da ban yi zato ba."

A bakin ƙofa, bayan ya ɗauki fartanya, Baba Nomau ya juyo. "Roƙo ɗaya nake da shi, 'yata. In rana ta take tsaka ku ɗan yi wani abu da ƙarfi ta tagar nan. Ba don karatu ba. Don mutum ya san da mutane kusa da shi."

Malam Isiyaku ya ce, "Na gaya muku fura ce."

Muna da waƙar sautuka da muke yi a hankali. Daga ranar muka riƙa yin ta da ƙarfi kafin a tashi, taga a buɗe.

Abin da wannan rana ta koya mini, wanda nake faɗa wa sababbin malamai, shi ne iyayen nan ba ƙin ilimi suka yi ba. Kula suka yi. Mutumin da bai damu ba, ba zai bar noma da safe ya zo ya tambayi dalilin shiru ba. Kunne ne kaɗai mudun da suke da shi na auna makaranta, mu kuma muka sauya aikin ba mu ba su wani mudun ba. Duk wanda zai sauya yadda yake koyarwa a ƙauye irin namu, ya fara zagayawa bayan taga ya yi wa masu gona bayani. In bayanin bai shiga ba, ya ba su alli ko ya ba su wanda zai riƙe musu alli, su faɗi tasu maganar, yaro ya mayar musu da ita. Wannan shaida ba ta bukatar mutum ya san baƙi.

Tun daga shekarar, a makon ƙarshe na kowane zango iyaye suna zuwa aji ɗaya su faɗi magana a rubuta, 'ya'yansu su karanta. Da aka dawo sabuwar shekarar karatu hedimasta ya sa na nuna wa malamin aji biyu yadda ake aikin marafan. Babu yaron da aka cire. Talatu da Habu duk sun gama firamare sun wuce sakandare. Maganar akuyar kuwa, an sake tayar da ita a zaman kwamiti na gaba, ba a kuma gano ta wane gida ce ba.